A SAYAR DA SA A SAYI MARUƘA?

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a babban zauren makaranta



Mai girma shugaban wannan taro, shugaban makarantarmu da mataimakansa, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin ƙungiyarmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai da kuka taso daga Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da sauran wurare na kusa da na nesa, da kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan ƙwallon ƙafa. Na san daga cikin iyayenmu malamai akwai waɗanda za su ce a ransu, duk abin da ke damun yankin nan a rasa na tattaunawa sai tamaula? Ina roƙonsu su yi mini haƙuri kaɗan, domin kafin in zauna za su ga maganar ta taɓa dukiya, ta taɓa riƙon amana, ta kuma taɓa tarbiyyar yaran da ke zaune can baya.

Tambayar da aka ba ni ita ce: shin ya dace ƙungiyar ƙwallo ta rabu da gwanin ɗan wasanta, wanda saboda shi jama'a ke cika fili, ta ɗauki kuɗin ta zuba a kan yara masu tasowa waɗanda ba wanda ya san abin da za su zama gobe? Wannan gardama ce da ba ta ƙarewa a majalisun masu shayi da gidajen kallon ƙwallo. Tawa amsar ita ce, sayar da gwani ba laifi ba ne, sau da yawa ma dole ne, amma yana da sharuɗɗa uku. Na farko, a tanadi magajinsa tun kafin ya tafi. Na biyu, a san inda kuɗin ya shiga. Na uku, a bar dattijon da zai riƙe yaran. Wanda ya cika ukun nan ya yi ciniki. Wanda ya tsallake su ya yi gwanjon gidansu.

Darasi daga kasuwar Shinkafi

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Duk wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya san wannan lissafi. Mai turka yakan sayi sa rammame bayan kaka, ya ɗaure shi yana ba shi harawa da dusa da kowa, idan Babbar Salla ta matso ya fito da shi ya sayar, ya cire ribarsa, ya sake sayen ƙanana biyu ko uku. Ba wanda ke zagin wannan mutum, sana'arsa ke nan. Idan ma ya ƙi sayarwa saboda son da yake yi wa san, ya riƙe shi har ya tsufa, to abincin da zai ci ya fi kuɗin da zai kawo, kuma wata rana a mushe za a fitar da shi.

Amma ku dubi manomin da ke da shanun huɗa guda biyu. Idan damina ta tsaya, ruwa ya sauka, wani dillali ya zo ya ruɗe shi da kuɗi ya sayar da su duka, ya sayi maruƙa huɗu, wa zai yi masa huɗa bana? Maraƙi bai san karkiya ba, bai san kunya ba, garma ma tsoro take ba shi. Manomin ƙwarai ɗaya yake sayarwa, ya haɗa sabon da tsohon a karkiya guda, tsohon ya riƙa jan layi har sabon ya gane hanya. Kuma ba ya fara neman sabon sai ranar da ya sayar da tsohon. Tun bara ya saye shi yana kiwo.

To jama'a, ɗan wasa ba dabba ba ne, mutum ne mai daraja da ra'ayin kansa, kuma zan dawo kan wannan. Amma ta fuskar lissafi, ƙungiyar ƙwallo mai turka ce kuma manomiya ce a lokaci guda. Tana bukatar riba, tana kuma bukatar huɗar bana.

Abin da ya faru a Kano

Ƙungiyar da ta fi kusa da mu wadda ta ɗanɗani wannan al'amari sosai ita ce Kano Pillars, Sai Masu Gida. An kafa ta a 1990, ta ci gasar ƙasa karon farko a 2008. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin, ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita.

A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 wani yaro ɗan Jos mai suna Ahmed Musa ya zo mata a matsayin aro daga makarantar ƙwallo ta GBS. Bai cika shekara 18 ba, amma ya ci ƙwallo 18 a kakar, ya shafe tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Kano ta ɗauka. A cikin shekarar 2010 ɗin ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, ƙungiyar da Tijjani Babangida ya taɓa yi wa wasa a farkon shekarun 1990. Daga nan sai CSKA Moscow ta Rasha a 2012, sai Leicester ta Ingila a 2016 a kan kuɗi kimanin fam miliyan 16. Ya ci wa Nijeriya ƙwallo 4 a gasar cin kofin duniya, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu kuma a Rasha a 2018.

Yanzu ku tambayi kanku, da Pillars tana iya riƙe yaron nan? Da wane albashi? Ko da ta iya, da ta yi masa adalci? Babu ƙungiya a ƙasar nan da za ta hana yaro irin wannan tafiya, kuma bai kamata a yi ƙoƙarin hana shi ba. Abin lura shi ne abin da ya biyo bayan tafiyarsa. Masu cewa Pillars ta mutu sun sha kunya, domin ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. Me ya sa? Saboda gida bai watse ba. Akwai Rabiu Ali da ake kira Pele a tsakiya, akwai Gambo Mohammed a gaba, akwai Theophilus Afelokhai a raga. A cikin waɗannan manya aka saka wani matashi ɗan Sakkwato, Shehu Abdullahi, ya goge a tsakaninsu, shi ma ya fita waje a 2014, ya kuma samo wa Nijeriya lambar tagulla a wasannin Olamfik na 2016. Shi kuwa Rabiu Ali ya zauna, har ya haura shekara 40 yana taka leda a Kano. Shi ne tsohon san da ke jan layi.

Ga kuma wani darasin. Pillars ta ci kofin ƙalubale a 2019, amma a 2022 ta faɗo daga babbar gasa zuwa ta ƙasa da ita, ita da maƙwabciyarta Katsina United, kafin su dawo a 2023. A cikin abubuwan da suka kayar da ita har da ragin maki saboda hargitsi a filin wasa. Ku duba da kyau: tafiyar gwani ba ta kayar da ita ba a 2010, rashin tsari ne ya kayar da ita bayan shekara 12. Shi kuma gwanin da aka bari ya tafi da mutunci ya dawo gida da ƙafarsa, ya yi mata wasa a 2021, ya sake dawowa a 2024, har aka naɗa shi babban manajanta a 2025. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Waɗanda suka sayar suka ci riba

Da yawa daga cikinmu muna samari a 1995, muna manne da rediyo. A daminar shekarar Manchester United ta sayar da manyan 'yan wasanta uku, Paul Ince da Mark Hughes da Andrei Kanchelskis, ba ta sayo wani babba a madadinsu ba. Wasan farko Aston Villa ta doke ta 3 da 1, har wani mai sharhi a talabijin, Alan Hansen, ya ce ba a cin komai da yara. Kafin kakar ta ƙare United ta ci gasar Ingila ta haɗa da kofin ƙalubale.

Masu goyon bayan sayarwa suna son wannan labari, amma rabinsa suke bayarwa. Yaran nan, David Beckham da Nicky Butt da Gary Neville da 'yan'uwansu, ba a kasuwa aka tsinto su ba. A gidan aka raine su, wasunsu sun ci kofin matasa tun 1992, kocinsu Alex Ferguson ya shekara da shekaru yana kallonsu. Sannan a bayansu akwai Peter Schmeichel a raga, akwai Steve Bruce da Gary Pallister a baya, akwai Eric Cantona, wanda shi ne ya ci ƙwallon da ta ba su kofin ƙalubale a kan Liverpool a 1996. An tanadi magada, an kuma bar dattawa.

Haka Ajax ta Holan da ta doke AC Milan ta ɗauki kofin zakarun Turai a watan Mayu na 1995, da namu Nwankwo Kanu da Finidi George a ciki. Yaro ɗan shekara 18, Patrick Kluivert, shi ya ci ƙwallon. Amma wanda ya miƙa masa ita Frank Rijkaard ne mai shekara 32, kyaftin ɗinsu kuma Danny Blind ya girme shi.

A nahiyarmu ma akwai misali. ASEC Mimosas ta Abidjan ta ci kofin zakarun Afirka a 1998. A watan Fabrairu na 1999 ta fito da yaran makarantarta, waɗanda yawancinsu ba su kai shekara 20 ba, suka kara da Esperance ta Tunisiya a wasan babban kofin Afirka, suka ci 3 da 1. A cikinsu akwai Kolo Toure da Didier Zokora da Aruna Dindane. Duniya ta yi mamaki, amma masu ƙungiyar ba su yi ba, domin sun kwashe kimanin shekara 5 suna ciyar da yaran, suna koya musu ƙwallo da karatu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma sharaɗi na biyu, wato inda kuɗi ya shiga. A watan Janairu na 2018 Liverpool ta sayar da Philippe Coutinho ga Barcelona a kan kuɗin da ya haura fam miliyan 100. Ba ta watsa kuɗin ba. Ta duba inda ɗakinta ke yoyo, wato baya da raga, ta ɗauko Virgil van Dijk a kan fam miliyan 75, ta ƙara da mai tsaron gida Alisson. Ta ci kofin zakarun Turai a 2019, ta ci gasar Ingila a 2020 bayan shekara 30 tana nema.

Waɗanda suka sayar suka yi da-na-sani

Kada mu ji daɗin waɗancan labarai mu manta da ɗaya gefen. A 2013 Tottenham ta sayar da Gareth Bale ga Real Madrid a kan kimanin fam miliyan 85, ta sayo 'yan wasa 7 a damina guda. Kafin ƙarshen watan Disamba an sallami kocin. A cikin bakwai ɗin, Christian Eriksen ne ya fi fitar da su kunya. An cika gida da baƙi, ba wanda ya san hannun wani.

Monaco ta ci gasar Faransa a 2017. Nan take manyan ƙungiyoyi suka yi mata ca, Kylian Mbappe ya tafi, Bernardo Silva ya tafi, Benjamin Mendy da Tiemoue Bakayoko suka tafi. Kuɗi ya shigo kamar ruwa, aka sayo yara. A 2019 ta ƙare a matsayi na 17 cikin ƙungiyoyi 20, da ƙyar ta tsira. Wannan shi ne manomin da ya sayar da shanun huɗarsa duka a tsakiyar damina.

Ita kuma Barcelona da ta karɓi Yuro miliyan 222 na Neymar a 2017, ta zuba su da ƙari a kan Ousmane Dembele da Coutinho cikin gaggawa, don a rufe bakin magoya baya. A 2021 shugabanta ya fito ya ce bashin da ke kanta ya haura Yuro biliyan 1, kuma a shekarar ta kasa riƙe Lionel Messi. Kuɗin da aka kashe don gudun surutu bai hana surutun ba.

Yaro alkawari ne, ba tabbas ba

Iyayenmu malamai sun fi kowa sanin wannan. Sau nawa kuka ga yaron da ke ɗaukar na ɗaya a aji ɗaya, amma kafin aji biyar ya lalace, wanda ba a kula da shi ba kuma ya zama likita? Haka ƙwallo take. Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Ku ƙirga yaran da suka ɗaga kofunan nan, ku ƙirga waɗanda suka zama manya a babbar ƙungiyar ƙasa, za ku ga tazarar. Macauley Chrisantus shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2007, Hamburg ta Jamus ta ɗauke shi, amma bai kai inda aka zata ba. Sani Emmanuel shi aka zaɓa gwarzon gasar 2009 da aka yi a nan gida, bayan 'yan shekaru aka daina jin ɗuriyarsa. Ko Victor Osimhen da ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015, ya je Wolfsburg ta Jamus ya kasa cin ko ɗaya, sai da ya sauka ƙaramar ƙungiya a Beljiyam ya farfaɗo, kafin ya zama gwarzon Afirka a 2023.

Saboda haka wanda ya ba da gwani ɗaya ya karɓi yara biyar kada ya ce ya samu gwanaye biyar. Ya samu damar gwaji sau biyar ne. Rauni yana nan, ruɗin kuɗi yana nan, ga kewar gida, ga kuma matsalar rage shekaru da ta daɗe tana cin ƙwallon ƙasar nan, inda za a kawo maka mai shekara 24 a ce 17 gare shi, ka yi ta jiran ya girma alhali ya gama girmansa.

Wanda ke da takarda shi ke da ɗan wasa

Akwai wani ɓangare da ba a cika tattauna shi a majalisa ba, kuma shi ya fi shafarmu. A watan Disamba na 1995 kotun Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, cewa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba a biya tsohuwar ƙungiyarsa komai ba. Ajax ɗin da na ambata ta ɗanɗana, domin a 1996 Edgar Davids da Michael Reiziger sun tafi Milan kyauta. Tun daga lokacin, ƙungiyar da ta ce ba za ta sayar ba sau da yawa takan wayi gari ba gwani ba kuɗi.

Ita kuma hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta yi tanadi ga ƙananan ƙungiyoyi masu rainon yara. Ta hana a kai yaro wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai bisa wasu dalilai ƙalilan. Shi ya sa Ahmed Musa sai da ya jira watan Oktoba na 2010 kafin ya fara wasa a Holan. Sannan duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23.

Bari in yi muku lissafin, malaman lissafi su gyara mini. A ce an sayar da yaro a kan Yuro miliyan 1. Kashi 5 cikin 100 shi ne Yuro dubu 50. Ƙungiyar da ta riƙe shi shekaru huɗun farko, daga 12 zuwa 15, tana da kashi ɗaya cikin biyar na wannan, wato Yuro dubu 10. Ku mai da shi Naira ku ga ƙwallo nawa da riguna nawa zai saya. Kuma duk lokacin da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, rabon yana sake zuwa. Amma fa sai idan sunan yaron yana rubuce a rajistar hukumar ƙwallo a ƙarƙashin sunan ƙungiyar. Idan babu rajista, ko kai ka saya masa takalminsa na farko, ba ka da ko kwabo.

Akwai kuma sharaɗin da masu wayo ke sakawa a yarjejeniya, cewa idan aka sake sayar da yaron gaba suna da wani kaso. Ku tuna Kolo Toure. Arsenal ta ɗauke shi daga ASEC a 2002 a kan kimanin fam dubu 150, ta sayar da shi ga Manchester City a 2009 a kan abin da bai gaza fam miliyan 14 ba. Mai raino kullum shi ke karɓar kaɗan, sai in ya iya rubutu.

Mu a nan gida

To ina muka dosa da duk wannan? Mu nan ba mu da ƙungiyar da ke cinikin miliyoyi. Zamfara United ta taɓa taka leda a babbar gasar ƙasa, muna kuma fatan mu sake ganin haka a Gusau. Abin da muke da shi su ne ƙungiyoyin unguwa a Kaura da Shinkafi da Zurmi, waɗanda wani malamin firamare ko wani ɗan kasuwa ke riƙe da su daga aljihunsa, da kuma ƙungiyar makarantar nan. A wurinmu tambayar ba ta tsaya kan a sayar ko kada a sayar ba, domin yaron da ya iya zai tafi Gusau ko Sakkwato ko Katsina ko Kano ko an so ko an ƙi. Tambayar ita ce yadda zai tafi, da abin da zai bari a baya.

Abin da muka saba gani shi ne wani ya zo da mota, ya ba mai ƙungiya riguna saiti ɗaya da ƙwallo biyu, ya ɗauki yaro, ba takarda ba shaida. Wani lokaci ma iyayen ake karɓa wa kuɗi da sunan za a kai ɗansu gwaji ƙasar waje, a sayar da gona ko tumaki, yaro ya ƙare a tasha a wani gari, ba ƙwallo ba karatu, kunya ta hana shi dawowa. Kaura Namoda ta san fitar da kaya tun da jirgin ƙasa ya iso ta a 1929, ta ga yadda gyaɗa da auduga suka riƙa tafiya, ribar kuma ta tsaya a hannun wasu. Kada mu bari a yi mana haka da 'ya'yanmu.

Kuma ba na bukatar in gaya wa kowa a zauren nan halin da yankinmu ya shiga saboda 'yan bindiga. Mun ga 2021, lokacin da aka rufe makarantu da kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya. Yaron da ke da fili da koci da wasan da yake jira ranar Asabar yana da abin da ya riƙe shi. Idan ƙungiyar unguwa ta mutu saboda gwaninta ya tafi kuma ba a tanadi kowa ba, yara talatin ne suka koma zaman banza. Wannan ita ce asarar da nake jin tsoro, ta fi ta kofi.

Saboda haka ina gabatar wa ƙungiyarmu shawarwari huɗu, in shugabanni sun ga dacewarsu.

Na ɗaya, mu ɗauki nauyin yi wa ƙungiyar makarantar nan da ƙungiyoyin unguwannin da ke ba ta yara rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, kowane yaro da sunansa da shekarunsa na gaskiya kamar yadda suke a kundin makaranta.

Na biyu, lauyoyin da ke cikinmu su rubuta takardar yarjejeniya guda mai sauƙi, da Hausa da Turanci, a raba wa masu ƙungiyoyi kyauta. Kada yaro ya tafi sai mahaifinsa ko waliyyinsa ya sa hannu, shi ma yaron an tambaye shi ya yarda, an kuma rubuta kason ƙungiyar idan aka sayar da shi gaba.

Na uku, kada mu goyi bayan tafiyar kowane ɗalibi kafin ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe. Ƙafa tana karyewa, ƙwallo tana ƙarewa tun mutum yana da sauran ƙarfi, takardar shaida kuwa tana nan.

Na huɗu, mu gyara filin makaranta, mu farfaɗo da gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai yadda muka same ta, kuma tsofaffin 'yan wasan da ke cikinmu, waɗanda na ga wasunsu yanzu tumbi ya hana su sunkuyawa, su riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata suna tsayawa tare da malamin wasanni. Duk abin da ya shigo ta hanyar wani yaro a rubuta shi, a karanta a taro irin wannan.

Kammalawa

Mai girma shugaba, makarantar nan ma kowace shekara tana rabuwa da gwanayenta. Mu ne shaida, mun ci zamaninmu mun tafi, ba ta kuma rushe ba, saboda ana ɗaukar 'yan aji ɗaya tun kafin manya su fita, kuma malaman da ke jan layi suna nan. Wasunsu ga su zaune a gabanmu da furfura, sun yaye ɗaruruwa, ba su taɓa karɓar kashi 5 cikin 100 na albashin kowa ba. Ina ganin lokaci ya yi da za mu fara biya, ko da ta hanyar riƙe ƙannenmu ne yadda suka riƙe mu.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya zaunar da Kaura da Shinkafi da Zurmi da ƙasa baki ɗaya lafiya.